Duwatsun Bangon Gabas

Ranar Litinin, 14 ga Satumba, 1987, gari ya waye da yayyafi. Malama Bilhatu ta fito ta tarar an rushe bangon gabas na tsohuwar majami'ar Metodis ta ƙauyensu.

Ba da bulo aka gina majami'ar ba. Tun zamanin kakanni, duk wanda aka yi wa baftisma sai ya gangara kogi ya ɗauko dutse a ka, a sa masa a bango. Haka ginin ya tashi. Yanzu kwamiti ya ce na siminti za a yi, duwatsun kuma a zuba a mashigin kogi don motoci su riƙa wucewa. Shugaban kwamitin ƙanenta ne, Kefas.

"Dutsen Baba na ciki," ta ce masa. "Shi za ka ba taya ta taka?"

"Yaya, dutse ne fa. Ba ya ji."

"Kai ne dai ba ka ji."

Da almuru ta nufi kogi ita kaɗai, inda aka riga aka zube duwatsun bangon, zuciya na tafasa. A hanya ta gamu da wata tsohuwa tana hawowa, dutse a kanta, ruwa na tsiyaya daga zanenta. Zanen zumuntar matan majami'a ne, amma irin na da, wanda aka daina ɗaurawa. Kwaɗi suka yi tsit.

"Sannu, Iya. Kawo in taya ki."

"Yanzu? Kuna ina aka watsa mu a ruwa?"

Muryar ba ta mutum ɗaya ba ce. Da maza a ciki, da mata, kamar ikilisiya na amsa waƙa. Bilhatu ta sunkuyar da kai. Hanyar duk taɓo ce, amma babu sawu ko ɗaya a bayan tsohuwar.

"Mu muka ɗauko duwatsun nan, ba mu ce a mayar ba. Ungo naki. Kowa zai karɓi nasa."

Ta ɗora mata dutsen. Bilhatu ta gane shi da jan layin da ke gefensa, ita ta ɗauko shi tana yarinya. Ɗumi gare shi kamar jikin mutum. Ba ta waiwaya ba har gida.

Da safe sai ga Kefas ba takalmi, ya kira ta ta zo ta gani. A bakin ƙofar ɗakinsa ya tsinci dutsen mahaifinsu, jiƙe sharkaf, ga gicciyen da tsohon ya karta da ƙusa.

"Yaya, ke kika kawo?"

"Ɗaga shi ka ji."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"Kwamiti ya riga ya yanke," ya ce a hankali. "Sai bishop ne zai iya tsayar da aikin."

"To zauna. Ga biro. Rubuta masa cewa ka rushe gidan ubanka."

Ku dai kada wanda ya bi hanyar kogin nan shi kaɗai bayan almuru. Ko Kefas, da zai tafi gari ran nan, ta wata hanyar bayan tsauni ya zagaya da kekensa. Da hannunsa ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya.