Kafin Ruwan Fari

"Shekara uku, Ma'u. Shekara uku ina kwaɓa ƙasa kamar ɗan magina, alhali alli ne sana'ata, ni malamin makaranta."

Jumare ya faɗi haka yana fifita da hularsa. La'asar ta yi, amma zauren gidan Malam Labaran magini da ke Kwarbai bai huce ba. Bazara ta kankama, ko ruwan randa ɗumi yake yi.

Asama'u ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

"Bana zai gama, Yaya Jumare. Saura rufi kawai..."

"Haka kika ce bara."

"Bara ruwa ne ya yi sauri."

"Ruwa bai taɓa sauri a Zariya ba. Ƙarshen Afrilu yake zuwa tun kafin a haife mu. Hannun Baba ne ya daina sauri, ke ma kin sani."

Ta sani, sanin ne ma yake cin ta.

Al'adar gidansu ce tun kakanni, duk 'yar da za a aurar, ubanta ne zai je gidan mijin ya gina mata ɗaki da hannunsa. Malam Labaran ya gina wa yayyen Asama'u, Larai da Barira. Da aka zo kan auta, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya tashi dai, amma hannun dama ya zama ɗan rakiya. Duk da haka ya rantse ba maginin da zai ɗora tubali ɗaya a ɗakin Asama'u. A kwaɓa masa ƙasa, a miƙo masa, shi ke nan.

To, ginin ƙasa kuwa da shekara ake shawara. Sai damina ta ɗauke da kaka ake buga tubali, ya bushe cikin sanyi. A lokacin ne ƙasusuwan Malam ke riƙewa, ya yi wata biyu kusa da kaskon wuta. Sanyi na wucewa ya fita aiki da hannun hagu, layi ɗaya yau, layi ɗaya jibi, rana tana dukansa. Kafin a kai ga jera azarar rufi hadari ya haɗo. A lulluɓe bango da zana, markar Agusta ta zo ta cinye rabinsa, a koma jiran kaka. Shekarar Zariya ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, balle tsoho mai hannu ɗaya.

"An mayar da ni Birnin Gwari," in ji Jumare a hankali. "Da an dawo daga hutu zan tafi. Hajiya ta ce ba zan tafi ba mata ba. Ta ba ni zuwa Juma'a ta sama. In ba a tsayar da ranarmu ba, Kawu zai je Soba neman auren Lami, 'yar ƙanwarta."

Asama'u ta ɗago da sauri.

"Kai kuma ka amince?"

"Uwata ce, Ma'u. Ta jira ni damina uku. Ki roƙi Baba ya bari a kira wasu magina, kwana huɗu sun rufe shi. Ko a ɗaura, ɗakin ya biyo baya. Wallahi ko a rumfa zan zauna da ke, masoyiyata."

"Ka ce in je in gaya masa ya gama amfani ke nan..."

"Ban ce haka ba."

"Haka zai ji."

Washegari da safe ta sami mahaifinta a tsakar gida yana fama da ɗaurin wandon aikinsa da hannu ɗaya. Ta durƙusa.

"Baba, da ma na ce... ko za a nemi su Malam Bahago su taya ka rufin nan? Zafin bana ya yi yawa."

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Bahago? Ni na koya masa riƙon tubali." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Auta, mutanen gari sun daina kirana aiki. In na wuce, sannu suke yi mini kamar mai jego. Ɗakinki ne kaɗai ya rage da ake ce mini magini saboda shi. Ke ma kin fid da rai da ni?"

"A'a, Baba."

"To, ki ƙara haƙuri. Zan yi miki ɗakin da jikokinki za su haihu a ciki."

Maganar Juma'a tana bakinta, ta haɗiye ta. Ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa. Ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta san abin da ta zaɓa.

Kwana uku bayan haka, da tsakar rana, Malam Labaran ya yanke jiki ya faɗi a gindin bangon, can gidan su Jumare a Ƙofar Jatau. Jumare ne ya kawo shi gida a tasi. Likita ya ce rana ce ta buge shi, jininsa kuma ya hau, kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali.

Juma'a ta zo ta wuce. Kawun Jumare ya zo ba da haƙuri, ƙanin Malam ya tare shi a zaure, aka gama magana can ƙasa-ƙasa. Iya, mahaifiyar Asama'u, ta gargaɗi kowa a gidan, ba mai kai wa mara lafiya labari.

Jumare ya zo sallama ana gobe za su wuce Soba ɗaurin aure. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Ki yafe mini, Ma'u."

"Me ka yi mini? Ka bi uwarka, na bi ubana."

"Da kin faɗa masa..."

"Da ya yarda, na sani. Da kuma na kashe shi da ransa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ina son ka, Yaya Jumare, ban taɓa son wani ba. Ka tafi tun ina iya tsayuwa."

Ya tafi. Ta tsaya tana jin takunsa har ya sha kwanar lungu.

Bayan mako biyu, wata Talata da azahar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙamshin ƙasa, mata suna ta kwashe shanya. Sai ruwan fari ya sauka, mai ƙarfi, indararo suka fara zuba a tsakar gida. Gari duka ya yi ajiyar zuciya, an rabu da zafi. Asama'u kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa tana tunanin bangon.

"Auta," ta ji muryar mahaifinta daga ɗaki.

Ta shiga. Yana kwance, idonsa a rufin soro, yana sauraron ruwan.

"Ba a lulluɓe bangon ba, ko?"

"Ba a lulluɓe ba, Baba."

Ya ɗaga hannun hagunsa ya duba, ya mayar ya ajiye. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne.

"Na zalunce ki, 'yata. Son kai ne, na ɗauka gadon gida nake karewa. Yaron nan ya yi haƙurin da ni ba zan iya ba." Ya ja numfashi. "Ki aika a kira mini Jumare. A ɗaura ranar Juma'ar nan. Ɗaki kuwa, duk wanda ya ga dama ya rufa shi."

Iya da ke zaune gefen gado ta kau da kai, ta toshe baki da zanenta.

Asama'u ta durƙusa, ta gyara wa mahaifinta matashi, ta ja masa mayafi zuwa ƙirji.

"To, Baba. Bari ruwa ya ɗauke."