Abin da Aka Matse a Kwantena

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da matar Ba-Motsi ta shiga kicin ɗauko tukunya, ta tarar da tukwanenta duka a jere wuri ɗaya, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tun daga daɓe har rufin ɗaki. An cusa ludayi da cokula a tsakaninsu. Ta ja ta ƙasa, ko gezau. Dariya ma abin ya ba ta da farko. Ta leƙa tsakar gida inda mijinta ke zaune yana cire takalmin aiki, ta ce masa in aikin tashar bai ishe shi ba, ai sai ya faɗa ta nemo masa wani, ba ya zo yana ɗaure mata tukwane ba.

Ya ce mata ko ƙofar kicin bai taka ba tun da ya dawo. Ya taso ya duba. Ya daɗe yana kallon jeren, sannan ya sa kafaɗa ya tura, kamar yadda yake yi a wurin aiki. Tukwanen ba su ko yi ƙara ba. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne ya san wannan jeren. Da shi aka sa, haka zai yi shi, har inda aka soke cokalin ƙarshe.

Ɗaurin kaya ne sana'arsa, a wani babban ɗakin ajiya kusa da tashar jiragen ruwa. Ana jera akwatunan roba cikin kwantena, wani kan wani, shi kuma ya bi su da bel, wato ɗamarar ɗaure kaya, ya tamke, ya buga katako a duk inda ya ga rata. Yakan ce wa sababbin ma'aikata ratar da tafin hannu zai shiga ta isa ta kashe mutum, domin idan tirela ta taka birki ko teku ta yi fushi, ta nan kaya za su fara rawa, har su rufto wa wanda ya buɗe ƙofar a can wata ƙasa. In ya gama ɗauri sai ya tura jeren da ƙarfinsa ya ce ba motsi. Daga nan sunan ya samo asali, ya bi shi har gida. Tun da ya fara aikin ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba, kuma ya san da haka, yana ji da shi.

Da gari ya waye tukwanen suka saki da kansu. Da rana ta sake faɗuwa, bokitai ne da kujeru aka jera a bakin zaure. Daga nan abin ya zama na kullum. Hantsi lafiya, azahar lafiya, amma da zarar inuwa ta cika tsakar gida sai shiru ya sauka, irin shirun da ko kajin maƙwabta ba a ji. Sai jifa ta fara a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da safe idan aka share, ba duwatsu ake samu ba, guntayen katako ne masu warin man inji. Ƙofofi suka fara ƙin buɗuwa. Rannan matar ta haɗa kaya za su koma gidan yayanta, ta kai hannu ga ƙofar waje da la'asar sakaliya, ta ji ta kamar an gina ta da bango. Suka kwana a zaune, jakunkuna a gabansu. Maƙwabtan da suka saba shigowa hira suka koma gaisuwa ta kan katanga.

Auta ce kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta duk sun yi nasu gidan. Budurwa ce mai surutu, tana koyon ɗinki, takan dawo da labarin duk wanda ya shiga shagonsu. Ita ce ma ke tsokanar babanta cewa aljanin gidan nan ɗalibinsa ne, ya kamata ya ba shi takardar kammalawa. Wata magariba uwarta ta kira ta, ba amsa. Suka same ta a ɗaki, tsaye a lungun da ke tsakanin kabad da bango, lungun da tsintsiya ma da kyar take shiga. Hannayenta a manne da jikinta, haɓarta a ɗage, tana jan numfashi guntu-guntu kamar wadda aka ɗora wa dutse a ƙirji. Ba-Motsi ya ja kabad ɗin har jijiyoyin wuyansa suka fito, bai gusa ba. Ya kama hannunta, ya ji sanyi irin na ƙarfe.

Da asuba ta zame ƙasa ta yi barci. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba sai gajiya. Da yamma ta koma lungun da ƙafarta, ba wanda ya iya tare ta. Ta daina surutu, ta daina cin abinci sai ruwa. Uwarta ta ja layi da alli a ƙasan kabad ɗin, washegari ta nuna wa mijinta: ya matsa kusa da bango da faɗin yatsa. Kullum yana ƙara matsawa.

Yayan matar ne ya kawo malamin, wani dattijo marar yawan magana. Ya shigo tun rana na sama, ya nemi tabarma da ruwa a kofi, ya zauna yana fuskantar lungun. Bai tambayi komai ba. Da inuwa ta cika gidan Auta ta tashi ta shige wurinta, ƙofar ɗakin ta rufu a hankali, jifa ta fara a sama. Malam ya soma karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ta ba, bai kuma tsaya ba. Ɗakin ya yi zafi, iska ta ƙare a cikinsa, har uwar ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi. Can sai bakin Auta ya motsa, muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, a dishe, kamar wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nake ba."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da yarinyar ta yi mata. Ta ce yarinyar ba ta yi mata komai ba. Ta ce su mazauna filin ajiyar ne tun kafin a zuba masa siminti, da aka kawo kwantenoni sai suka koma kwana a cikin waɗanda ba kowa. Ɗanta ƙarami ya shiga wata jar kwantena, ya kwanta a ratar da ke tsakanin jeren ƙarshe da bango. Uban yarinyar nan ya zo ya buga katako, ya ja bel, ya rufe ƙofa da sunan Allah.

"Abin da aka rufe da wannan sunan ba na iya buɗe shi. Ina zagayawa ina jin numfashinsa ta cikin ƙarfe. Gobe jirgi zai ɗauke shi. In ya tafi, ita ma haka za ta tsaya har kabad ya haɗu da bango."

Ba-Motsi ya san kwantenar. Jirginta ne ya yi jinkiri, shi ya sa take nan a fili, da hatimi a ƙofarta. Malam ya ce wa muryar zalunci ne a kama wanda bai ji ba bai gani ba, kuma mutumin nan bai san da kowa a ciki ba. Ta ce ita ma ɗanta bai ji ba bai gani ba. Sannan ta kawo sharaɗinta: a buɗe a fitar da shi, kuma daga yau duk kwantenar da zai ɗaure ya bar musu rata a ciki, ko ta kamu ɗaya ce.

Matarsa ta kama gefen rigarsa. "Baban Auta, ka ce to."

Ya dubi 'yarsa, ya dubi layin allin da ke ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, buɗewa zan buɗe ko me zai same ni. Amma rata ba zan bari ba. Wanda zai buɗe ƙofar a can, shi ma ɗan wani ne."

Kabad ɗin ya yi ƙara. Auta ta saki wani ɗan sauti siriri. Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa ruwan a lungun, har muryar ta fara roƙon ya dakata. Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa kafin ya ɗaure kowace kwantena zai buga bangonta ya yi sallama, ya ba duk wanda ke ciki lokacin fita. Malam ya ce sai ta bar jikin yarinyar yanzu, ba gobe ba. Ta ce za ta fita, amma tana bakin ƙofa har ta ga ɗanta. Ya sa ta rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale, uwarta ta tare ta. Ta fito daga lungun, amma hannayenta na nan manne da jikinta, idanunta a rufe.

A zaure malam ya gaya masa cewa irinsu sukan yi ƙarya, ba shi da tabbacin akwai wani ɗa. Amma alkawari an ɗauka, sai a cika.

Da sassafe ya sami shugaban ma'aikata ya ce a karya hatimin jar kwantenar. Shugaban ya ɗauka wasa ne. Ya tuna masa cewa karya hatimi na nufin sabon bincike, jirgi kuma ba zai jira ba, mai kaya zai tayar da ƙura. Ya tambaye shi dalili. Ba-Motsi ya ce akwai abin da ya matse a ciki wanda bai kamata ya matse ba. Shugaban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wato dai ɗaurin ne bai yi daidai ba. Ma'aikata na tsaye suna ji, har da waɗanda shi ya koya wa aikin. Bai musa ba.

Aka buɗe. Ya sauke jeren da hannunsa, akwati bayan akwati, har ya kai ƙarshe. Da ya zare katakon da ke jikin bango, wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen kunnensa, da ɗan sauti kamar ajiyar zuciyar jariri. Ba wanda ya ji sai shi. Wurin babu komai sai ƙura. Ya buga bango, ya yi sallama, ma'aikata suna ƙunshe dariya, ya mayar da kayan ya tamke su. Jirgi ya tafi ya bar kwantenar. Kafin a tashi aka gaya masa an sa wani a kan ɗauri, shi kuma Ba-Motsi zai koma miƙa bel.

Ya iso gida rana na faɗuwa. Ƙofar ta buɗe da taɓawa ɗaya. Auta na zaune a tsakar gida, ta riƙe kofi da hannu biyu tana sha, kajin maƙwabta na ta hayaniyarsu. Ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta ko tana tuna wani abu. Ta ce ba sosai ba, duhu ne kawai da warin roba, da wani abu da ke danne ta ta kowane gefe.

"Amma na ji muryarka a waje, Baba. Na yi ta kiranka."

"Me nake cewa?"

"Cewa kake a ƙara jan bel."