Wayar Da Ya Kawo Min

"Ki taimake ni, Zumata... ke kaɗai gare ni!"

Ya ajiye wayar a kan teburina, tsakanin sukundireba da tulin fasassun gilasai. Ƙamshin turarensa ya cika shagon. Turare yake sayarwa a layin bayanmu, kuma saura kwana goma sha tara a ɗaura mana aure.

Na kunna ta. An goge komai, ta tsaya cak tana neman a saka asusun mai ita na farko.

"Ta wa ce?"

"Ta Mama. Jikokinta suka yi ta danne-danne har ta goge, ita kuma ta manta lambar sirrin."

"Ka san dokar Yaya. Babu kwali, babu rasit, ba ma cire irin wannan kullen. Rabin masu kawowa na sata ne."

"Yanzu ni ne ɓarawon?" Ya dafe ƙirji, ya langaɓe kai. "Haba Zumata! Kafin ya dawo kin gama."

Yayana ne mai shagon, shi ya koya min gyaran waya. Tun ranar farko bai ƙaunaci wannan haɗin ba. Cewa yake mutumin da ke kifa wayarsa duk inda ya zauna, akwai abin da yake ɓoyewa. Wata uku na yi ina kuka kafin ya sakar min mara.

Na leƙa waje. Yaya ya tafi sayo kayan gyara.

"Sau ɗaya," na ce. "Saboda Mama."

"Allah Ya bar min ke!"

Irin wannan wayar sai an buɗe bayanta kafin kwamfuta ta gan ta. Na ɗumama murfin, na ɗaga shi a hankali...

Sai hannuna ya tsaya.

Duk wayar da na gyara ina rubuta kwanan wata a jikin batirin. Wannan ma da rubutuna. Amma a ƙarƙashin kwanan watan akwai wata 'yar zuciya da na zana da jan biro, na rubuta "ƙawata".

Waya ɗaya tak na taɓa yi wa haka. Ta aminiyata ce, telar da ke ɗinka min kayan biki.

"Lafiya?" ya tambaya.

"Lafiya lau. Zauna, abin yana ɗaukar lokaci."

Na tura mata saƙo ta lambar shagonta: ki zo yanzu, wayarki tana hannuna.

Ko minti goma ba a yi ba ta shigo, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Tana ganinsa ta ja da baya. Shi kuma ya miƙe zumbur har kujerar ta faɗi.

"Me ya kawo ki nan?"

"Ni na kira ta," na ce. "Ga Mamarka ta zo karɓar wayarta."



Na mayar da murfin, na miƙa mata. "Saka asusunki."

"Ƙawata, don Allah..."

"Saka!"

Ya kawo hannu zai fizge, na buge shi da bayan sukundireba. Ta saka asusun. Kullen ya buɗe. Muna tsaye mu uku, wayar ta shiga dawo da abin da ta adana: hotuna, saƙonni, muryoyi, ɗaya bayan ɗaya.

Hoton farko, su biyu a cikin motar abokinsa. Rigar da ke jikinsa ni na saya masa.

Na danna wata murya, tasa ce.

"Zumata, ki kwantar da hankalinki. Auren nan dole ce ta sa, ke ce a raina..."

Zumata!

Ashe ko sunan ma ba nawa ba ne ni kaɗai.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

Ta durƙushe tana kuka. "Wata takwas. Ya ce zai fasa da ke. Da na ga an raba kati, na ce wallahi sai na tura miki komai. Jiya ya zo shagona, ya ɗauke wayar a kan keken ɗinki."

"Wato ba don ni za ki tura ba. Don ki same shi ne."

Ba ta musa ba.

Makon jiya wannan yarinyar ta zagaya ƙuguna da tef, tana dariya, tana cewa amarya ta rame.

Na juya gare shi. "Kai kuma ka goge, ta kulle, ka rasa wanda zai buɗe maka ka mayar mata kamar ba a yi komai ba. Duk masu gyaran da ke kasuwar nan, sai ni?"

"Sun ƙi ne... sun ce sai da rasit." "Ki saurare ni, kuskure ne. Na goge ne don ina son aurenmu. Ke nake so, na rantse!"

"Na yarda. Ka so ni sosai, har ka zaɓi hannuna ya binne maka abin."

"Zuma..."

"Kar ka ƙara! Ku fita. Ke, kayan da kika yanka ki riƙe, ƙila su yi miki daidai."

Ita ta fara fita, shi ya daɗe a bakin ƙofa yana jiran in ɗago. Ban ɗago ba.

Da Yaya ya dawo da kwali a kafaɗa, ya tarar da ni ina ƙoƙarin ɗaura wani ɗan ƙaramin noti, sau huɗu yana suɓucewa. Ya dubi kujerar da ke ƙasa, ya dubi fuskata.

"Auta, me ya faru?"

"Yaya, ka gaya wa Umma a daina rabon kati."

Na jira ya ce ai ya faɗa min. Bai ce ba. Ya ajiye kwalin, ya zare sukundireban daga hannuna, ya ɗaga kujerar ya zauna kusa da ni.

"Yi kukanki," ya ce. "Ni zan ƙarasa wannan."