Ruwan da Gwaggo Ta Zuba

Yatsa ɗaya ta ɗora a kan na farko, ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na biyu ma haka. Tukwanen kaktus, tsiron nan mai ƙaya, ashirin da uku jere a barandar ɗakinta, duk sun jiƙe sharkaf, ƙasarsu har ta yi gansakuka.

'Yar Boko, kamar yadda ake ce mata a gida, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye jakar tafiya, ta goge hannu.

"Wa ya ba su ruwa?"

Gwaggo, ƙanwar Babanta, ta leƙo tana gyara ɗankwali.

"Ni ce, 'yar nan. Mai Lambun naki ne ya zo bayan tafiyarki, ya ce safe da yamma a riƙa shayar da ƙayoyin naki. Kin ga irin mutumin da kika nace wa? Ɗana Injiniya kuwa..."

"Gwaggo."

"Na'am?"

"Da cewa kika yi ya sace su, da wataƙila na tsaya tunani. Mutumin da ya koya mini cewa sai ƙasa ta bushe ƙamas ake ɗiga musu ruwa, shi ne zai ce safe da yamma?"

Gwaggo ta ja tsaki ta shige.

Wata guda kacal ta yi a wajen kwas. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, guda ɗaya ne ya rage da sauran rai. Ɗan mitsitsi ne mai farar ƙaya, shekara huɗu tana rainonsa ba ta san sunansa ba, don irinsu sai sun yi fure ake tantance su. Gindinsa ya ruɓe, kansa na nan da ƙwari. Sai dai a yanke kan a ɗora a kan wani gindin, kuma mutum ɗaya ta sani da ya iya.

Matsalar ke nan. Shekara biyu Mai Lambu yana sonta, ya kasa zuwa gaban Baba, wai shi ba shi da digiri. Kafin ta tafi ta rantse ba za ta sake taka lambunsa ba sai ya taka gidansu.

Kwana biyu tana kallon ruɓar tana hawa. A na uku ta naɗe tukunyar a jarida.

Ta same shi a lambu durƙushe yana tankaɗe yashi. Ya miƙe har yana ture bokiti.

"Gimbiyata..."

"Ba wajenka na zo ba. Aiki na kawo."

Ya buɗe jaridar, ya duba gindin.

"Wa ya yi wannan?"

"An ce kai ne."

"Ni?! Kin yarda?"

"Da na yarda za ka gan ni?"

Ya goge reza da sipirit, ya yanka. Tsakiyar ta yi ruwan ƙasa. Ya ƙara yankawa sama kaɗan, ya kuma, har abin da ya rage bai fi kan babban yatsa ba. Ya ɗora shi a kan wani koren kaktus mai ƙiba, ya ɗaure da roba.

"Ki bar shi nan kwana goma in sa masa ido."

"A'a." Ta ɗauke tukunyar. "Yana barandata. Mai son duba shi, ƙofar falon Baba ce hanya."

"Gimbiya, kin san..."

"Na sani. Na gaji da sani."

Ranar kwana na goma ta ji sallamarsa. Ta tsaya bayan labule. Ya sa riga mai guga, wuyanta na shaƙe shi. Baba ya sa aka kawo tukunyar, Gwaggo ta samu gefen kujera ta zauna tana hura hanci.

Ya cire robar, ya taɓa. Kan ya zame, ya faɗi a kan tebur.

"Yaya?" in ji Baba.

"Bai kama ba, Baba. Ya mutu."

"Zuwanka na farko gidana, da labarin mutuwa ka zo?" Baba ya sauke tabarau. "Ba ka da irinsa a lambu? Ka musanya mata mana, ina za ta gane?"

"Za ta gane. Ko ba za ta gane ba, ni na sani."

"An ce kai ka sa a ba su ruwa."

Mai Lambu ya dubi Gwaggo, ya sunkuyar da kai.

"Wanda duk ya zuba, Baba, ya ga kamar ƙishi suke ji ne."

Gwaggo ta tuna ta bar abu a kan wuta.

Baba ya daɗe yana juya mataccen kan a tafin hannunsa.

"Na ga masu digiri da yawa a kujerar nan. Ka turo manyanka."

Sai da Baba ya fita ta ɗaga labule. Idonta ya yi ja, muryarta kuwa ko rawa ba ta yi.

"Ka makara da shekara biyu."

"Na sani, Gimbiyata."

"Ashirin da uku na rasa."

"Ina da sama da ɗari biyu. Duk naki ne."

"Ba na so. Iri za ka ba ni, in shuka da hannuna."

"Daga iri? Sai ki yi shekara biyar ba ki ga fure ba!"

Ta zauna a kujerar da ke kusa da tasa, ta miƙa hannu ta ɓalle masa maɓallin wuyan rigar.

"Kana da wajen zuwa ne?"