Kurungun Cikin Fasasshen Tulu

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Wannan ma don ya faru da ni ne.

"Ina ɗayan?"

Inna Memuna ce, mahaifiyar saurayina Usuman, tsaye a ɗakinmu a unguwar Albarika da ƙurar hanyar Djougou a mayafinta.

Gabanta akwatin gilashin nan ne cike da ruwa. Wani Bature ya bar wa Usuman shi bayan an samu 'yancin kai, da kifi biyu a ciki. Tarwaɗar ba ta da kunya, ko yatsa ka sa sai ta zo. Kurungun kuwa kullum yana cikin fasasshen tulu.

Da biro, wato ofishinsu, suka tura Usuman ƙauye na sati biyu, ni ya kawo wa su.

"Luba tawa, kome za a yi kada ki ɗaga tulun nan," ya ce. "Kin ji? In ya firgita, daina ci zai yi har ya mutu."

Ga shi Zinatu, 'yar kawunsa da Inna ta fi so ya aura, ta je har Djougou ta ce na kashe kifin na ɓoye. Inna kuma ta rantse ba za ta kai goro gidan maƙaryaciya ba.

"Madam littafi, ɗaga tulun mana," in ji Zinatu, da ta biyo ta.

Hannuna har ya taɓa ruwan...

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan ɗaga ba. Amana ce."

Na roƙe ta ta zauna a tabarma, na rufe taga, na yafa zanena a rabin gilashin, na zuba 'yar gara. Na ce don Allah kowa ya yi shiru.

Tarwaɗar ta cinye rabi. Tulun shiru.

Zinatu ta yi tsaki, ta ce tuwon rana zai huce. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga gashin baki ya leƙo.

Ya fito a hankali, cikinsa a sama, bayansa a ƙasa.

"Kin gani, Inna? Mushe ne!"

"Ke rufe mana baki," Inna ta faɗa ƙasa-ƙasa, idonta na kan gilashin. "Haka irinsu ke iyo. A bakin rafi na girma."

Ya ɗauki gara ɗaya, ya koma. Sai a lokacin na ji ina numfashi.

Inna ta daɗe tana dubana. Ta tambaya ko ban ji tsoron ta juya Djougou da fushi ba. Na ce na ji, har yanzu ma ina ji.

Ta yi dariya, ta ce in kira mata babata.

Ranar Juma'a aka kawo goro. Usuman ya dawo a ranar, ya same ni bayan rumbu.

"Luba, an ce saboda kifina kika yi wa Inna gardama?"

"Kaɗan..."

"To ni wa zai ɓoye ni in kika fara?"

Mata suka fara guɗa a tsakar gida, ana ta neman amarya. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta ƙofar baya na koma cikin gida.