Rabin Sakainar Ikram

Wayyo Zubaida! Tana durƙushe cikin caɓi a tsakar gidan mahaifinta a Mayahi, ruwan sama na dukan bayanta, tana kallon baffanta Mumuni yana tumɓuke dirkokin rumfarta ɗaya bayan ɗaya. Rumfar nan ce kaɗai abin da ya rage mata tun da iyayenta suka rasu. A ƙarƙashinta take riƙon ƴaƴan ma'aikata idan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, in babban hutun damina ya zo kuma su wuni wurinta, yara ashirin cif, ta dama musu fura, ta yi musu bitar karatu, ta raba faɗa, ta share majina, har iyayensu su taso daga aiki.

Tsari ɗaya gare ta da ba ta sassautawa. Duk yaron da aka kawo, sai ta karya sakaina biyu, ta rataya masa rabi a wuya, ta ba uwarsa rabi. Ko uban yaro ne ya zo ɗaukarsa, in bai zo da rabin da zai haɗu da na wuyan ba, to ya koma ya ɗauko. Mutane sun sha yi mata dariya, amma yaran sun riƙe dokar kamar karatun allo. Mai dariyar da ta fi kowa ita ce Inna Hindatu, matar Mumuni, wadda ta daɗe tana cewa da ita aka ba riƙon yaran nan da an ga aiki.

To a ranar nan da hantsi hadari ya taso da iska, Zubaida ta shiga kwashe tabarmi tana kora yara ɗaki. Da ta ƙirga sai ta ga goma sha tara! Babu Ikram, ƴar shekara shida, ɗiyar Zuhura mai aikin jinya. Ta fita ba takalmi, ta leƙa rijiya, ta shiga gonakin gero tana kiran sunanta har muryarta ta dishe. Shiru... Da la'asar Zuhura ta iso da rigar aiki a jikinta, ta cakumi wuyan Zubaida tana kuka.

"Ina ɗiyata? Amana na ba ki, Zubaida! Ina kika kai mini ita?"

"Wallahi Madam ban sani ba... Ikram ba ta bin kowa sai da sakaina, ko ni na yi mamaki..."

"Sakaina!" in ji Hindatu, tana tafa hannu. "Ku ji fa! An ɓatar da ɗiyar mutane ana zancen ɓallin ƙwarya! Ni dama na faɗi, marainiyar da ba ta taɓa haihuwa ba, mi ta sani ga riƙon ɗa?"

Kafin magariba iyaye sun kwashe ƴaƴansu, wasu ko kallonta ba su yi ba. Mumuni ya ce ta zubar da mutuncin gidansu, shi ya sa ya rushe rumfar. Maƙwabciyar da Zubaida ta yi jinyar ɗanta mako biyu ta rufe mata ƙofa a fuska. Mai unguwa ya ce in gari ya waye ba a ga yarinya ba, sai wurin jami'an tsaro na jandarma. Allah sarki! Ba kamun ne ya fi ci mata rai ba, tunanin Ikram ne, ko ta ci abinci, ko tana cikin ruwan nan. Ta ɗaga hannu tana hawaye tana cewa, "Ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da mai tsaya mini sai Kai. Ka tsare ɗiyar nan, ni ko mi za a yi mini a yi."

Washegari da safe sai ga Hindatu da gudu, wai ta ji daga bakin ƴan kasuwa an tsinci wata yarinya a Kanan-Bakashe, gidan Zara'u mai fura. Laminu, mahaifin Ikram, ya samo mota. Hindatu ce da kanta ta ce a tafi da Zubaida don ta ga abin da sakacinta ya jawo. Haka aka sa ta a bayan mota, kanta a sunkuye, ba mai yi mata magana.

Suna isa Hindatu ta riga kowa shigewa, so take a gan ta ta fito da yarinyar a kafaɗa, a ce ita ta cece ta. Sauran suna shigowa tsakar gida suka tarar Ikram ta ƙanƙame turmi, ta riƙe sakainar wuyanta gam.

"Taho mana, ɗiyata," in ji Hindatu, tana jan hannunta.

"Ba ni zuwa! Tanti Zubaida ta ce kada mu bi kowa sai da rabin. Ki gwada mini shi kamar yadda kika gwada mini jiya, Inna, sannan in bi ki."

Tun jiya Hindatu ta ja wa yarinyar kunne kada ta faɗi wanda ya kawo ta, kuma ba ta faɗa ba, dokar Tantinta kawai ta bi. Zuhura ta dafe ƙirji. "Rabina... Jiya da safe na neme shi jikin ƙusa na rasa, bayan kin shigo aron rariya!" Ta fizgi bakin zanen Hindatu, ta kwance ƙullin, sai ga sakaina ta faɗo ƙasa. Nan Zara'u ta rushe da kuka, ta ce kan babur ɗin kabu-kabu Hindatu ta kawo yarinyar ana cikin hadari, Hindatun ta ce a ɓoye ta kwana ɗaya, in an kori marainiya riƙon yaran ya dawo hannunta.

Zuhura ta zube gaban Zubaida. "Ki yafe mini, ƙanwata. Na ci zalinki da bakina da hannuna." Zubaida ta sunkuya ta ɗauki sakainar, ta haɗa da ta wuyan Ikram, suka haɗu tsaf. Cikin kuka ta ce, "To, tafi wurin mamanki."

A motar da aka kawo Zubaida aka mayar da Hindatu, kai tsaye wurin jandarma. Mumuni kuwa da hannunsa ya sake haƙa ramukan dirkoki, maƙwabta na kallo, bai iya ɗaga ido ba. Ranar Litinin da sassafe Zubaida ta ji sallama, ta fito tana tsoro. Mata ne jere a ƙofar gida har bakin hanya, kowacce riƙe da hannun ɗanta, ɗaya hannun kuma ta ɗaga rabin sakainarta.