Wa Ake Bari da Mastura?

Hantsin Lahadi ne, kicin ɗin Mak Ramlah ya cika da ƙamshin kifi da madarar kwakwa, amma ba mai maganar abinci. Maganar Ridzwan ake yi, kamar kullum tun da ya fito neman auren 'yarta Norlela.

"Ni fa ban ce mutumin banza ba ne," in ji Mak, tana dakan barkono kamar shi ya yi mata laifi. "Cewa na yi ban san shi ba! Wa ya san uwarsa? Wa ya san ubansa? Mutum ya diro daga garin Port Hedland bara kawai, sai in ɗauki 'yata da jikata in miƙa masa?"

"Haba Mak..." in ji Norlela, don haka muke kiran uwa.

"Babu wani haba! Da ke kaɗai ce da sauƙi. 'Ya mace gare ki, Lela."

Norlela ta ci gaba da yanka albasa, ta bar albasar ta ɗauki laifin hawayenta. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta, ya bar mata Mastura, wadda yanzu take shekara shida. Ba ta zaci zuciyarta za ta sake motsawa ba sai da ta haɗu da wannan mahaucin mai sanyin murya da ke aiki a mayankar tumaki ta bayan gari.

Ƙanwarta Azura ta ɗago kai daga wayarta. "Mak, ki yi rilas mana! Ai akwai shafin gwamnati na masu laifin lalata. Yanzu sai mu yi cekin ɗinsa, magana ta ƙare."

Nan take ta ɗauko kwamfuta, ta shigar da sunanta da lambar lasisinta na tuƙi. Sai ga hotunan waɗansu maza 'yan ƙalilan na yankinsu, babu suna, sai sunan Azura da aka buga a kan kowane hoto don kada wani ya ɗauka ya yaɗa. Mak ta ajiye taɓarya, ta matso ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Wato asirin mutum ne haka a fili kamar shanyar kifi? Kai, duniya ina za ki da mu!"

Suka duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu Ridzwan, babu ma mai kama da shi. Norlela ta sauke ajiyar zuciya. Amma Azura, uwar rawar kai, ta ci gaba da karanta bayanin da ke ƙasa da ƙarfi: wai ba duk wanda ke cikin rajistar masu wannan laifi ake sakawa a nan ba, sai waɗanda aka fi jin tsoronsu.

"To kin ji!" Mak ta tafa hannu. "Ba kowa ake sakawa ba!"

Da la'asar Ridzwan ya zo, ya zauna a baranda inda ya saba, don bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Norlela ta gaya masa abin da aka yi, kunya kamar ta nutse. Ta zaci zai yi fushi. Sai ya yi murmushi.

"Mak ta yi daidai, Lela. Da ni ne ma haka zan yi. Gobe ki je wajen 'yan sanda, akwai fom ɗin da iyaye ke cikewa su yi tambaya a kan mutum guda. Ki sa sunana. Ni kuma zan nemo takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ni da laifi da kaina in kawo mata."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutum a tuhume shi da irin wannan abu, ya ce an yi daidai? Ita dai ba ta taɓa gani ba.

Washegari wata 'yar sanda mai furfura ta zaunar da Norlela a wani ƙaramin ofis, ta karanta fom ɗin, ta ɗago.

"Wannan mutumin, ana barinsa shi kaɗai da yarinyar?"

"A'a! Ko sau ɗaya. Shi ma ba zai yarda ba."

"To a ƙa'ida ba zan iya duba miki shi ba. Wanda ake bari shi kaɗai da yaro, shi ake tambaya a kansa." Matar ta juya biro a hannunta. "Wa ake bari da ita?"

Norlela ta yi 'yar dariya. "Babu kowa. Sai dai Pak Sudin, ɗan'uwan mahaifiyata ne. Shi yake kai ta koyon iyo ranar Asabar, sati uku ke nan."

"Sa sunansa."

Ta rubuta ne kawai don kada zuwanta ya zama na banza. Pak Sudin fa! Mutumin da ya yi shekara ashirin yana aiki a gabas, ya dawo gida da farin gemu da aljihu cike da alewa. Shi ke kai Mak asibiti, shi ke yanke mata ciyawar tsakar gida. Har ya yi alkawarin kai Mastura garin Albany kamun kifi idan an yi hutu.

Kwana tara bayan nan aka kira ta. Wannan karon matar ta rufe ƙofa kafin ta zauna. Abin da ta faɗa bai fi jimla biyu ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Pak Sudin yana cikin rajistar masu laifin lalata da yara.

"An gaya miki ne don ki kare 'yarki, ba don a yaɗa ba," in ji matar a hankali. "Duk wanda ya yi shela ko ya tunzura mutane a kansa, shi ma doka za ta hau kansa. Sauran aikin namu ne, kuma yau za mu fara."

Wata ma'aikaciyar yara ta zauna da Mastura suka yi zane suna hira. Alhamdu lillahi, babu abin da ya same ta. Norlela ta yi sujada a ɗakinta tana kuka don ganin yadda Allah ya ja ta da hannu zuwa ofishin nan a kan mutumin da ba shi da laifi, don ta gano wanda yake da shi.

Amma fa ta san gidansu. Abin da ya shiga kunnen Mak da safe, kafin azahar ya zaga gari. Ga yayanta Hairul, wanda hannunsa ke riga bakinsa magana. In ya ji, sai dai a kai masa ziyara gidan yari. Don haka ta ce wa Mak kawai: "Daga yau Mastura ba za ta sake shiga motar Pak Sudin ba, kuma ba zai shigo inda take ba."

Tirƙashi! Gida ya kama da wuta.

"Jinina za ki wulaƙanta? Me ya yi miki?"

"Mak, ki yi haƙuri, ba zan iya faɗa ba."

"Ba sai kin faɗa ba, na san mai hure miki kunne! Tun bai shigo ba ya fara raba mu da dangi!"

Ranar walimar saukar karatun wani ɗan dangi, a gaban jama'a, ana tsakiyar rabon shinkafa, Mak ta nuna Ridzwan da ludayi. "Kai, baƙo! In dai ina numfashi ba za ka auri 'yata ba. Munafuki, mai raba zumunci!" Takardar shaidar da ya kawo mata kuwa ko buɗe ta ba ta yi ba.

Ridzwan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mak." Ya sa takalminsa ya fita.

Norlela ta bi shi har bakin mota tana kuka. "Ridzwan, wallahi ba laifinka ba ne, kuma ba zan iya gaya maka dalili ba..."

"Kina da dalili?"

"Ina da shi."

"Don Mastura ne?"

Ta gyaɗa kai.

"To ya ishe ni. In zagina ne zai tsare ƙofar nan, a bar ni in sha. Kada ki janye, ko da auren ne zai tafi."

Sati shida aka yi a haka. Mata suka daina amsa sallamar Norlela da fara'a. A masallaci maza suka riƙa matsawa daga sahun da Ridzwan ya tsaya. Bai bar garin ba, bai kuma sake tambayarta komai ba, ko da wasa. Wani lokaci in ta tuna shi sai ta rasa inda Allah yake ajiye irin waɗannan mutane.

Sai ranar wata Talata Azura ta shigo a guje, ko takalmi ba ta cire ba. "Mak! Mak! An kai Pak Sudin kotu! Wallahi siriyos nake, kowa ya ji!"

Ashe duk mai rajista dole ne ya sanar da 'yan sanda in zai riƙa zama shi kaɗai da yaro, shi kuwa ya ɓoye. A gaban alƙali aka karanto tsohon laifinsa, aka gane cewa daga cikin shekarun nan ashirin na "aiki a gabas", shida a kurkuku ya yi su.

Mak ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dubi Mastura da ke wasa da 'yar tsanarta, ta dubi Norlela. "Kin sani? Duk kwanakin nan kin sani, ina zaginki?"

"Na sani, Mak."

"Shi fa yaron nan, Ridzwan?"

"Har yanzu bai san komai ba. Bai tambaya ba."

Mak ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. "Ni da hannuna nake saka ta a motar! Ni nake ɗaura mata bel!"

Ba ta aika kowa ba. Ita da kanta ta sa Azura ta kai ta ƙofar mayanka lokacin tashi daga aiki. Ma'aikata suna ta fitowa, ga Ridzwan a cikinsu da takalmin roba. Da ya gan ta ya tsaya, ya rusuna, yana jiran wani sabon zagin.

A wajenmu mutanen tsibirin Cocos, ba a kiran magidanci da sunansa na yanka. Da sunan ɗansa ko 'yarsa ta fari ake kiransa, a sa Pak, wato baba, a gaba, kuma ba a ba mutum wannan suna sai uba. Mak ta kama hannunsa da hannayenta biyu, a gaban kowa.

"Pak Mastura," ta ce, "ka yafe mini."

Wannan ƙaton mutum da ya sha zagi sati shida bai ko ƙifta ido ba, sai ga shi yana kuka kamar yaro.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. 'Yan'uwana, sanin asalin mutum ba shi ne sanin halinsa ba. Ku bi ƙa'ida ku yi tambaya a kan duk wanda kuke bar wa 'ya'yanku, ko da ɗan gida ne, kuma kada a ɗauki doka a hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin a bincike shi, kuma haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza.